Madubi Mai Tsaga

Akuyar tana kwance a bakin magudanar ruwa, cikinta a farke, ƙudaje sun riga kowa isowa. Ɗan da take ɗauke da shi ya fito rabi, ƙafafunsa farare irin na uwarsa. Bassira ta tsaya a kanta da ƙwaryar tatsa a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Sai da ta ƙare wa gawar kallo sannan ta juyo wurin mijinta, Djibrilla.

"Baban Nafi, wannan ma iska ce ta kashe ta?"

Shekaranjiya da Djibrilla ya harbi abin da ke cin awakin ya kuskure, cewa ya yi iska ce ta kaɗe harsashin. Kafin nan kuma ya ce bindigar ce bakinta ya karkace. Ya durƙusa yana duba sawun da ke cikin laka, sawun kare ne, dogo, mai faɗin taku. Na kusa yana ganinsa sarai. Da ya ɗaga kai ya bi layin sawun zuwa inda ya nufi tudun yashi, sai komai ya narke masa ya zama hazo, dabino da yashi da sama suka cuɗe wuri ɗaya.

A ƙauyensu da ke gefen Tanout, uban Djibrilla ne sarkin baka. Shi kansa tun bai fara gemu ba yake kayar da barewa tana gudu, da bindigar gargajiya wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Fari ya cinye dabbobinsu, daji ya zama fili, ya hau mota ya ƙetaro hamada kamar sauran jama'a. Yanzu shekarunsa sun haura hamsin, yana ban ruwa da kiwo a gonar wani Balarabe, Haj Zuhair, a Samnu, can arewa maso gabas da Sabha. Haj ya yarda su ajiye 'yan awakinsu a gefen garken tumakinsa. Awakin na Bassira ne, da kuɗin ƙosai ta fara su. Duk wata ita ke sayar da nono da ɗan akuya ta aika wa 'yarsu Nafissatou da ke koyon aikin jinya a Damagaram.

Tun da zafi ya shigo wani abu ya fara ɓarna a garken. Ya ci ɗan rago na Haj, ya dawo ya ci tunkiya, sannan ya juya kan awakin Bassira. Haj ya ɗauko tsohuwar bindigar farauta daga sito ya miƙa wa Djibrilla, ya ce tun da an ce shi ɗan maharba ne, ga fili ga mai doki. Djibrilla ya yi kwanto ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yakan ga inuwa ta gifta da sassafe, ya ɗana, ya sake, inuwar ta wuce abinta.

Hantsi na yi motar Haj ta shigo gonar. Ɗansa Muftah ne ke tuƙi, saurayi mai son farauta, wanda duk ƙarshen mako shi da abokansa ke shiga sahara da motoci suna korar barewa har ta gaji ta faɗi. A bayan motar karen farautarsa na kwance, siriri, haƙarƙarinsa a waje. Muftah ya sha faɗa cewa kare mai ƙoshi ba ya gudu.

Haj ya dubi akuyar daga nesa, ya toshe hanci da gefen rawaninsa.

"Taku ce ko tawa?"

"Tamu ce, ya Haj."

"Alhamdu lillahi. To ka ji, Jibril. Idan aka sake taɓa tunkiyata, daga albashinka zan cire. Na ba ka bindiga, na ba ka harsashi. Me kuma kake so in ba ka, idona?"

Maganar ta daki Djibrilla a inda yake ɓoyo. Ya sassauta murya, ya haɗa Larabcin da yake da shi.

"Ya Haj, da Muftah zai ara mini darbil ɗinsa, na 'yan kwanaki kawai."

Darbil shi ne sunan da mutanen nan suke kiran madubin da ake ɗaura wa bindiga, mai jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Muftah ya kwantar da kai a kan sitiyari yana dariya.

"Darbil ɗina? Ka san daga inda aka kawo shi? Kai da matarka da awakinku, a haɗa ku a sayar, ba za ku sayi murfinsa ba."

Haj ya ce wa ɗansa ya yi shiru, amma shi ma bakinsa ya motsa. Motar ta juya ta bar su da ƙura. Djibrilla ya tsaya riƙe da shebur, yatsunsa sun ƙanƙame ƙotar har jijiyoyin hannunsa suka miƙe. Ya haƙa rami ya binne akuyar, yana sara ƙasa kamar ita ta yi masa laifi.

Da rana ya shiga ɗakinsu na bulo mai rufin kwano, ya sami Bassira tana tankaɗe. Ya ce mata gobe zai shiga Sabha ya sayi madubi.

"Da wane kuɗi?"

"Da na watan nan. Da kuma abin da kika ɗaure."

Ta ajiye rariyar. "Abin da na ɗaure na makarantar Nafi ne."

"Na sani."

"Ka sani. Kuɗin yarinya za ka kai wa Balarabe ya sayar maka da gilashi? Tun bara nake ce maka ka je a duba idon nan, ka ce kai ɗan sarkin baka ne, idonka ya fi na shaho. Yanzu da shahon ya makance sai aljihuna?"

"Bassira, ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba. Akuyata na binne yau, mai ciki."

"Ni na binne ta!" Muryarsa ta cika ɗakin har kwanon rufi ya amsa. "Ni na binne ta, ni aka zaga a kanta. In ban kashe abin nan ba, wata mai zuwa me za ki tatsa? Me za ki aika? Ƙwarya?"

Ta sa hannu ƙarƙashin katifa ta ciro ƙullin tsumma, ta jefa masa a ƙirji. Ya faɗi ƙasa tsakaninsu. Sai da ta fita ya sunkuya ya ɗauka.

Kafin ya kwanta ya yanko ɗan itacen dabino ya gwada tsawon kwarmin da ke bayan bindigar, inda madubi ke zama, ya yi masa alama da wuƙa. Bindigar kam ba za ta bar gonar ba. Baƙon da aka kama da bindiga a hanyar Sabha, sai dai danginsa su ji labari.

Kamilou, ƙanen Bassira, yana walda a wani ɗan shago a unguwar Mahdiya, cikin Sabha. Da ya ga Djibrilla ya ɗage gilashin fuskarsa ya tare shi da murna, amma da ya ji abin da ya kawo shi murnar ta koma ciki.

"Yaya, darbil? A garin nan? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne fa."

"Wa kake kira makaho?"

"Karin magana ce, Yaya."

"Ka riƙe karin maganarka. Ka san mai sayarwa ko ba ka sani ba?"

Kamilou ya san shi. Shagon yana bayan masu gyaran taya, ƙofarsa ƙarama, cikinsa cike da tantuna, tarkuna, wuƙaƙe da murhun gas na masu kwana a sahara. Mai shagon, wani kakkauran mutum mai tasbaha a wuyan hannu, yana shan shayi da wani baƙonsa. Suka yi sallama. Ya amsa ba tare da ya dube su ba, ya ci gaba da hirarsa har shayin ya ƙare, ya zuba wani.

"Me kuke so? Ba na neman lebura."

Kamilou ya yi bayani, domin Larabcinsa ya fi gogewa. Mai shagon ya dubi Djibrilla tun daga takalmin roba har hula.

"Wa ya aiko shi?"

"Ba wanda ya aiko ni," in ji Djibrilla. "Ni zan saya."

"Me za ka harba?"

"Kare."

"Kare," mai shagon ya maimaita wa baƙonsa, suka yi murmushi tare. Duk da haka ciniki ciniki ne. Ya buɗe akwatin gilashi ya fito da na farko, baƙi, mai nauyi, yana sheƙi. Bai bari Djibrilla ya taɓa ba, shi ya riƙe masa a ido, ya nuna bakin titi. Djibrilla ya leƙa. Can ƙarshen layi wata mata tana zaɓar tumatir, yana ganin zoben da ke yatsanta, yana ganin tumatirin da ya ruɓe a gefen tire. Rabon da ya ga duniya haka har ya manta. Mai shagon ya janye madubin ya faɗi kuɗinsa. Muftah bai yi ƙarya ba, ko an sayar da garken Bassira kaf ba a kai rabi ba.

"Wannan ba naka ba ne. Ga naka."

Ya jawo kwali mai hoton damisa daga ƙasan kanta. Wannan madubin ya fi na farko kwalliya, da maɓallai a ko'ina, har da wata 'yar fitila ja da ke kamawa a ciki. Kuɗinsa daidai aljihun Djibrilla, har da canjin mota. Mai shagon ya ce yana jawo abu kusa fiye da wancan ma, ya ce duk masu gadin gonaki shi suke saye.

Djibrilla ya juya shi a hannu. Ba shi da nauyi, kamar gwangwanin da aka shanye. Ya leƙa, ya ga titi ya matso, amma gefe-gefen ya yi dishi-dishi, kuma da ya juya wajen inuwa sai komai ya yi duhu. Shi kuwa abin da yake nema ba ya zuwa sai gari bai gama wayewa ba. Kamilou ya karɓa ya girgiza shi kusa da kunne, wani abu ya yi ƙara a ciki.

"Yaya," ya ce da Hausa, "irin wannan an sha kawo mini gyara. Bindiga na yin tari sau ɗaya saitin ya goce. Na wasan yara ne. Araha ba ta ado."

"Me yake cewa?" in ji mai shagon.

"Cewa yake ba wani?" in ji Djibrilla.

Mai shagon ya yi tsaki. Ya ce su ba su da kuɗi, ga iyayi. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wani abu naɗe a tsohuwar riga, ya dangwarar a kan kanta. Tsohon madubi ne gajere, fentinsa ya goge har ƙarfe ya fito, babu murfi, babu kwali. A gefen gilashin gaba akwai 'yar tsaga kamar ƙaho. Ba ya ƙara kusa, ba ya rage kusa, yadda aka ƙera shi haka yake. Djibrilla ya ɗauka, nauyinsa ya zauna masa a tafin hannu. Ya leƙa cikin inuwar shagon mai taya. Zare biyu sirara sun gitta juna a tsakiya, a bayansu ga wani ɓera a kan tarin tayoyi yana share gashin baki. Tsagar tana can gefe, ba ta shiga hanya ba.

"Daga ina wannan?" Kamilou ya tambaya.

"Wani ya kawo, bayan faɗan bindigogin da aka yi a garin nan. Ina ruwanka?"

Fuskar Kamilou ta canza. Ya ja Djibrilla waje, har bakin kwata.

"Yaya, kar ka sayi wannan. Ka san Hassane, abokina mai sayar da ruwa a kura? Lokacin faɗan nan ya fito da safe da jarkokinsa, wani daga saman bene ya ɗauke shi. Ba shi da ɓangare, ba shi da ko sanda. Ni na wanke shi. Wanda ya harbe shi ta cikin irin wannan ya kalle shi, ya ga fuskarsa, ya ga jarka ce a hannunsa, ya danna. Wa ya sani ko wannan ɗin ne?"

"Wa ya sani ko ba shi ba ne?"

"Abin da ya ga jinin mutane ba a kai shi gida."

"To in sayi mai damisa? In mayar da kuɗin Nafi shara?" Djibrilla ya fizge hannunsa. "Kai kana nan kana walda, ana biyanka kullum. Ni can ana cin dabbobin yayarka ɗaya bayan ɗaya, yaron da na girmi ubansa a hankali yana yi mini dariya. Allah ya ji ƙan Hassane. Gilashi bai kashe shi ba, mutum ne ya kashe shi. Talaka ba ya zaɓen tarihin abin da zai saya, Kamilou. Rigar da ke jikinka ka san wanda ya mutu ya bar ta?"

Kamilou ya kawar da kai, idonsa ya kaɗa.

Da suka koma ciki, mai shagon ya ga inda zuciyar Djibrilla ta karkata, sai tsohon madubin da ya dangwarar kamar shara ya zama na Turai, na sojoji, irin wanda ba a samu kuma. Ya ɗora masa kuɗin da ya haura na mai damisa. Suka ja, suka ja. Djibrilla ya nuna tsagar, mai shagon ya ce tsaga ba ta hana gani. Djibrilla ya zazzage ƙullin Bassira da albashinsa a kan kanta. Mai shagon ya tura kuɗin da yatsa ɗaya, ya ce bai kai ba, ya dubi agogon da ke hannun Djibrilla. Agogon ba wani abin kirki ba ne, amma Nafissatou ce ta aiko masa da shi. Djibrilla ya kwance ya ajiye.

"Zobban ɗaurawa daban ake sayensu," in ji mai shagon yana murmushi.

"Ka riƙe zobbanka," in ji Kamilou.

A shagon walda Kamilou ya karɓi ɗan itacen dabinon ya gwada, ya yanko ƙarfe, ya lanƙwasa, ya goge, har ya gama zobba biyu da kusoshinsu. Sannan ya naɗe madubin a tsumma ya cusa cikin guntun tiyon ban ruwa, ya toshe bakin da laka, ya haɗa shi da wasu guntaye ya ɗaure. A shingen bincike na bakin gari wani matashi mai bindiga ya sauke fasinjoji duka daga motar hayar da Djibrilla ya shiga, ya juye buhunan mata, ya ɗaga ɗaurin tiyon ya jefar a ƙasa ya ce a wuce. Djibrilla ya ji faɗuwar har cikin haƙoransa.

Madubin bai fashe ba. Washegari ya ɗaura shi, ya kafa gwangwanin tumatir a kan kututturen dabino can ƙarshen gonar albasa. Harbin farko ya tashi ƙura a hagu. Ya murɗa ɗan maɓallin da bakin wuƙa, ya sake. Harsashin da Haj ya ba shi ba yawa, kowane ɗaya sai ya yi bismilla. Da gwangwanin ya yi tsalle sama, Bassira tana bakin garke tana kallo. Ba ta ce sannu ba. Ta tambaye shi ina agogonsa, ya ce yana Sabha, ta juya ta shige.

Abin bai zo ba a safiyar farko, bai zo ba a ta biyu. Djibrilla yakan idar da sallar asuba ya hau rufin ɗakin injin ban ruwa ya kwanta rub da ciki, ya jira har rana ta fito ta fara cizon ƙeyarsa. Ranar da ya zo, gabas ta fara ja, awaki sun fito bakin shinge suna tsintar ganyen da iska ta zubar. Da ido kawai, inuwa ce ta saba gangarowa daga tudun yashi. Ya kai idonsa ga madubin.

Ba karen daji ba ne. Siriri ne, mai dogayen ƙafafu, haƙarƙarinsa a waje. A wuyansa akwai jan ɗauri na fata, da guntun igiyar da ya tsinka tana jan ƙasa. Kullum Djibrilla yana ganin karen nan a bayan motar Muftah, kusa da shi kamar tafin hannu, yana lasar ƙafa.

Ashe daga gidan masu gonar ɓarnar take fitowa. Su suka hana kare abinci, su suka ɗaure shi da ruɓaɓɓiyar igiya, su suka zo da mota suna tambaya taku ce ko tawa. Zaren biyu suna rawa a kan kafaɗar karen. Ya san abin da karen nan yake a wurin Muftah. Ya san kuma abin da baƙo yake a wurin kowa. Ya ɗage yatsansa daga kunamar bindiga. Zai iya sauka ya yi ihu ya kore shi, ya je ya faɗa wa Haj. Haj zai kira Muftah, Muftah zai ce tsoho mai mataccen ido ya ga me.

Karen ya kwanta a cikin ciyawa, ya ja ciki, sannan ya zabura. Awakin suka watse. Ya bi wata ƙaramar tunkiya ta Haj ya cafke ta a cinya, ta kuɓuce ta bar masa gashi a baki, sai ya juya kan farar akuyar Bassira, wadda ta fi kowace nono, ya danne ta a jikin shinge. Kukanta ya tsaga safiyar.

Djibrilla ya saki rabin numfashi, kamar yadda ubansa ya koya masa, ya danna.

Da ya sauko Bassira ta riga shi isa. Akuyar ta tashi tana ɗingishi, jini a wuyanta amma da ranta. Bassira ta dubi karen, ta dubi jan ɗaurin, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Inna lillahi. Baban Nafi, na Muftah ne."

"Na gani."

"Ka gani kafin, ko bayan?"

"Kafin."

Ta rage murya. "Mu binne shi. Yashi ba ya magana. Su yi ta nema."

"In binne shi kamar ni ne ɓarawon?"

Ya jawo baro ya ɗora karen, ya rataya bindigar a kafaɗa, ya tura ta cikin layin dabino har ƙofar gidan gona inda Haj yake shan shayin safe a kan darduma. Ya juye baron a gabansa. Ya jingine bindigar a bango, nesa da hannunsa, ya koma gefe ya tsaya.

Muftah ya fito da burodi a hannu. Ya ga karen. Ƙarar da ya yi ba ta yi kama da ta mutum ba. Ya durƙusa ya ɗaga kan karen, ya kira sunansa, sannan ya miƙe ya yi kan Djibrilla ya kwaɗa masa mari, ya ƙara, yana zagin uwarsa da ƙasarsu da launin fatarsa. Hular Djibrilla ta faɗi. Ya haɗe hannayensa a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya da ƙarfi, don ya san idan ya sake su ba zai ƙara ganin Tanout ba.

"Ya isa," in ji Haj. "Na ce ya isa! Shiga ciki."

Haj ya tashi da ƙyar, ya zo ya sa sandarsa ya buɗe bakin karen. Gashin tunkiya fari yana maƙale tsakanin haƙora, da jini. Ya dubi guntun igiyar. Ya daɗe yana dubawa.

"Da ka zo ka faɗa mini, Jibril."

"Da ka yarda, ya Haj?"

Haj ya koma ya zauna, ya ɗauki kofin shayinsa ya ga ya huce, ya zubar.

"Yaron nan ba zai bar ka ba. Yana da abokai, kuma ba kullum nake nan ba. Ka kwashe iyalinka da awakinka kafin la'asar. Zan ba ka na kwanakin da ka yi."

"Akuyoyin da karenku ya ci fa?"

"Ni ma ya ci nawa."

Djibrilla ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Sannan ya nufi bindigar. Haj ya ɗan zabura.

"Bar ta nan."

"Bindiga taka ce. Abin da ke kanta nawa ne."

Ya zaro wuƙarsa, ya durƙusa a gaban Haj, ya sa bakinta a kan kusoshin da Kamilou ya yi. Bai yi sauri ba. Ya kwance na gaba, ya kwance na baya, ya tattara zobban da kusoshin ya zuba a aljihu, ya goge gilashin da gefen rigarsa. Muftah yana kallo ta taga. Djibrilla ya mayar da bindigar jikin bango, ya ɗauki baronsa, sai ya tuna baron ma ba nasa ba ne. Ya ajiye ya tafi.

Kamilou ne ya samo musu motar ɗaukar kaya, ta wani mutumin Agadas, ya ce akwai ɗaki a unguwar Tayuri a Sabha kusa da nasa, awaki kuwa sai dai a ɗaure su a tsakar gida a riƙa sayen ciyawa. Da ya ga kumburin fuskar Djibrilla bai tambaya ba. Suka loda katifa da tukwane da awaki, mata da miji suka zauna a baya cikin dabbobin, farar akuyar ta ɗora wuyanta mai ɗaurin tsumma a cinyar Bassira.

Motar ta hau tudu. Gonar ta fara ja da baya.

"Ba ni in ga abin da ya cinye kuɗin 'yata," in ji Bassira.

Ya ciro shi daga cikin riga ya miƙa mata. Ta kai ido, ta matsar, ta rufe ɗaya idon da tafin hannu, har ta samu. Ta daɗe tana kallon wajen gonar, motar tana jijjiga ta.

"Dabinon nan na ƙarshen rijiya," ta ce, "wanda ka faɗo daga kansa wajen yi masa barbara da furen namijin dabino."

"Me ya same shi?"

"Ya nuna. Har ya fara zuba."

Ya miƙa hannu, ta ba shi. Kafin ya daidaita idonsa motar ta gangara bayan tudun, sai yashi kawai ya cika gilashin.